KASUWA TA HAYE GADA, KWANO YA TSAYA

Yau zan ɗan karkata alƙalamina zuwa wani waje da ba a saba leƙawa ba a irin waɗannan shafuka namu, wato gidajen 'yan'uwanmu mata Kiristoci a lokacin bikinsu na Kirsimeti. Na san wata za ta ce, yo mu ina ruwanmu da bikin da ba namu ba? To 'yar'uwa ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni a sannu, ai Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In kin daure kin kai ƙarshe za ki ga cewa ciwon kan da yake hana su barci a watan Disamba shi ne dai yake hana mu barci in Sallah ta gabato, kuma akwai wani abu mai daraja da mu da su muka yi asararsa tare ba tare da mun zauna mun yi lissafinsa ba.

Unguwar da zan kafa hujja da ita ita ce Unguwar Romi ta garin Kaduna. Ga wadda ba ta san Kaduna ba, kogi ne ya raba garin gida biyu. In kin haye gada kika yi kudu, kika wuce Kakuri da Television kika miƙi hanyar Abuja, kafin ki kai Gonin Gora za ki tarar da Romi, cikin ƙaramar hukumar Chikun, ƙasar Gbagyi tun asali. Abin da ya tara jama'a a wannan yanki kuwa aikin kamfani ne. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo bayanta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Sai ga Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro daga kudancin jihar, ga 'yan Filato da Binuwai, ga Ibo da Yarbawa, ga Hausawa, kowa da ɗan ɗakinsa na haya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Harshen da ya haɗa su kuwa Hausa ce, da ita ake ciniki, da ita ake faɗa a bakin famfo, da ita kuma ake shiryawa.

Wannan zama shi ne ya wargaje a watan Fabrairu na 2000, lokacin rikicin da ya tashi a kan maganar shari'a, inda aka rasa rayuka fiye da 1,000, sannan aka sake wani a watan Mayu. Ba a gama share hawaye ba sai ga na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, nan ma mutum fiye da 200 suka tafi. Daga nan kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma inda nasa suka fi yawa. Musulmi suka yi Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka yi Sabon Tasha da Narayi da Television da Romi, har ta kai 'yan gari suna kiran arewacin kogin Makka, kudancinsa Urushalima. Ana faɗa ana dariya, amma wallahi dariya ce mai ciwo. A shekarar 2002 ɗin dai KTL ta rufe, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kin ga ke nan matar wannan yanki ta rasa abu biyu kusan a lokaci guda, albashin maigida da maƙwabciyar da suka saba.

Da yawanmu in an ce Kirsimeti abin da yake zuwa mana a rai shi ne abin da muke gani a talabijin, kiɗa da rawa da shaye-shaye da ƙananan kaya. Amma asalin abin a wajen matar Romi ibada ce. Ran 25 ga Disamba suke tunawa da haihuwar Annabi Isa (A.S.), wanda su suke kira Yesu Almasihu. Tun farkon wata matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci irin ta ECWA da HEKAN da Katolika da Baftis, suke haɗuwa da yamma suna koyon waƙoƙi, da tukunyar kiɗa da kacau-kacau. Abin da zai ba ki mamaki kuma, da Hausa suke yi. Littafinsu Mai Tsarki an kammala fassara shi da Hausa tun 1932, Likita Miller na Wusasa ta Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin. Coci da yawa a kudancin Kaduna sujada biyu suke yi, ta Hausa da ta Turanci, kuma tsofaffi da matan aure sun fi cika ta Hausar. Da “Allah” suke roƙo, da “amin” suke amsawa, kamar dai ni da ke.

Labarin da ake karanta musu a ranar kuwa labarin talaka ne. Mace ce matafiya haihuwa ta kama ta a garin da ba ta samu masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi, waɗanda suka fara zuwa barka kuma makiyaya ne. Mu ma a Suratu Maryam mun karanta yadda naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino. Bayanin ya bambanta, aƙida ma ta bambanta, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma ta kowace fuska aka duba babu leshi babu shadda a wajen haihuwar nan.

Bayan ibada sai zumunci. Disamba kaka ce a ƙauye, an shigar da dawa da acca, an haƙe citta, ɗan kuɗi ya shigo hannu. A lokacin ne 'yan birni suke tafiya gida, wannan Zonkwa, wancan Kafanchan, wata Kwoi, wata Kachia, mutanen Kagoro kuma su tsaya har bikin Afan na ran 1 ga Janairu. A kwanakin ake ɗaura aure, ake taron dangi, ake sasanta waɗanda suka ɓata, jikoki su ga kakanni. Duk wannan abu ne mai kyau, ba mai hankalin da zai kushe shi.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce kasuwa ta shigo tsakiyar bikin ta yi kane-kane, baƙuwa ta fi masu gida iko. Tun watan Janairu uwargida take shiga adashin Kirsimeti, maigida kuma ya shiga watandar sa. Kafin Nuwamba ta ƙare lissafi ya tsaya mata a wuya. Kowane yaro kaya sabbi kala biyu, ɗaya na ran 25 ɗaya na sabuwar shekara, da takalmi da tabarau da agogon roba da kuɗin nokawut ɗin da za a ƙona a banza. 'Yan mata gashin kanti da kuɗin kitso. Ita kanta ankon Zumunta daban, ankon dangi daban, ankon ƙungiyar 'yan garinsu daban. Ga buhun shinkafa, ga jarkar mai, ga fulawar cincin, ga kaji ko akuya, ga kiret-kiret na lemo. Ga kuɗin mota a tashar Television da yake tashi da zarar biki ya matso, ga tsaraba, don ba a shiga ƙauye hannu rabbana a ce wance daga birni take. Tela kuwa a wannan watan sarki ne, ya karɓi ɗinkin mutum hamsin ya yi wa kowa alkawarin jibi, ran jajibiri ki ga mata zaune a ƙofar shagonsa har tsakar dare cikin sanyi, kamar dai yadda muke yi a daren Sallah.

Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya tasam ma N100,000 a kasuwanni da dama, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar N70,000 ne. Wato mutum ya yi aikin wata cur bai sayi buhu guda ba. Ko da yake farashin ya ɗan sauko daga baya, abin da aka gani a wannan Disambar ba zai mantu ba. A cikin mako ɗaya yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan wajen wani bikin yara da aka yi alkawarin rabon kyauta, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra wajen rabon shinkafa, mutum 10 a cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama a Abuja. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Yunwa ce ta kai su, gaskiya ne, amma har da kunyar a ce ranar biki ta zo ba a ɗora tukunyar shinkafa a ɗakinki ba, 'ya'yanki suna leƙen na maƙwabta.

Ina da wata ƙawa tun makarantar sakandare, Bajju ce, tana aure a Romi, tana ɗan sayar da kayan miya da gawayi a ƙofar gida. Ta taɓa ce mini, “'Yar'uwa, ni fa ran 25 ga wata ba na jin wa'azi. Tun ƙarfe 4 na asuba ina bakin murhu, in na shiga coci gyangyaɗi nake yi, in na farka kuma zannuwan matan da ke gabana nake ƙirgawa.” Na yi dariya na ce ashe dai har ku. Sai ta ce, “Ki bari kawai. Janairu ita ce dodona. Ga kuɗin makaranta, ga mai gidan haya, ga mai shinkafa da na ce masa ƙarshen wata.” Kin ji fa. Mu muka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ashe karin maganar ta haye kogi tuntuni.

Wani abin da yake ɗaure min kai shi ne kayan aron da aka yafa wa bikin. Ki dubi Fada Kirsimeti, tsohon nan mai jar riga da farin gemun auduga. A makarantun kuɗi da manyan kantuna sai uwa ta biya kafin yaro ya shiga ya gan shi, a miƙo masa ledar biskit da balan-balan da ba su kai rabin kuɗin ba, wani yaron ma ihu zai tsandara in ya gan shi. Asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas da ya rayu a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 4, an san shi da yi wa matalauta kyauta a ɓoye. Wannan kamar tasa da muke gani yau, ƙato mai tumbi da jajayen kaya, tallan kamfanin Coca-Cola da aka fara a 1931 ne ya ƙara yaɗa ta a duniya. Mutumin da ya yi suna da bayarwa a ɓoye, yau sai an yanki tikiti ake ganinsa.

Haka ita ma bishiyar robar da ake rataya wa fitilu ana manna mata auduga wai ƙanƙara ce. Al'adar Jamusawa ce ta shiga Ingila, ta bazu sosai bayan an buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta a gindin irinta a 1848. Su can sanyin ƙanƙara gare su a Disamba, itatuwa sun kaɗe, shi ya sa suke marmarin ganin ɗanyen ganye a ɗaki. Mu namu hunturu ne, ƙura da hazo da kaushi da faso, abin da yaro yake bukata man shafawa ne da rigar sanyi. Mafi yawan kayan ƙyale-ƙyalen nan kuma a garin Yiwu na ƙasar Sin ake yin su, wajen mutanen da galibinsu ba ma sa bikin. Kin ji inda kuɗin adashin matar Romi yake kwana. Atamfar da za ta ɗaura ma, wadda a da mijinta ko babanta ne yake saƙa ta a Kakuri, yanzu sau da yawa daga can take zuwa. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kada ki ɗauka don ni bare ce nake wannan magana. Su kansu Kiristoci sun daɗe suna ja-in-ja a kai. A Ingila majalisa ta taɓa soke bikin a 1647, lokacin da masu tsaurin addini suka ga sharholiya ta yi masa yawa, sai a 1660 ya dawo. A nan gida cocin Deeper Life ba ya bikin Kirsimeti, taron addu'a da wa'azi suke shiga a kwanakin. Kiristocin Habasha da Ƙibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu, bayan sun shafe fiye da kwana 40 suna azumin ƙaurace wa nama da madara. Fastoci da yawa kuma kowace shekara sai sun yi faɗa a kan shaye-shaye da almubazzaranci da 'yan matan da suke lalacewa don neman kuɗin kayan biki. Kin ga ashe irin muhawarar da muke yi ce a kan Mauludi da bidi'o'in biki, su ma ba bakinsu ɗaya ba.

Kafin wata ta taɓe baki ta ce Allah Ya kyauta musu, ta tuna laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wace ce a cikinmu ba ta san gidan da aka yi yaji saboda kayan Sallah ba? Wace ce ba ta san maigidan da ya ci bashin rago don kada na maƙwabci ya fi nasa ƙaho ba? Goman ƙarshe na azumi, daren da ake cewa a raya, mata nawa ne suke raya shi a shagon tela da wajen mai lalle? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kasuwa ba ta tambayar addininki, jakarki take kallo, kuma ta gane cewa hanya mafi sauƙi ta buɗe jakar mace ita ce a nuna mata abin da wance ta ɗaura. Da can sai an fita biki ake gani, yanzu kuwa waya ta kawo miki shi har kan gado.

Ga kuma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ki je Romi ko Sabon Tasha a makon Kirsimeti ki ga su wa suke cin kasuwa. Mai tumatir da tattasai da albasa sau da yawa Bahaushe ne, haka mahauci, haka mai kaji. Akuya da sa daga Zangon Tudun Wada ake lodinsu su haye gada. Atamfa da leshi daga Kantin Kwari ta Kano da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, gwanjo da ɗinki daga Kasuwar Barci. Da yawa daga cikin mazajenmu da ƙannenmu da cinikin Disamba suke biyan kuɗin makarantar yaranmu na Janairu. Haka in Sallah ta zo, Ibo mai kanti shi yake sayar mana da takalma da jakunkuna. Ban ce wannan laifi ne ba, halak ne, alheri ne ma. Amma ki lura da kyau, duk rikicin da aka yi, da ƙura ta lafa kasuwa ce ta fara haye gada, ba ta jira an yi mata sulhu ba. Abin da ya tsaya a bakin kogi har yau ya kasa hayewa shi ne kwano.

Duk wadda ta tashi a Kaduna kafin 2000 ta san kwanon da nake nufi. Ina 'yar yarinya a gidan hayarmu na Kakuri, ran Kirsimeti tun hantsi langunan shinkafa da miya da cincin suke shigowa ɗakinmu, ran Sallah kuma mu ake ɗora wa tuwo da waina mu bi ɗaki-ɗaki muna sallama. Akwai wani ladabi a ciki da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Maƙwabcinmu Kirista ba ya yanka kazarsa ko akuyarsa da kansa, sai ya kira Babanmu ko wani malami ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Tukunyar da ake dafa abin da ba ma ci daban take, ba ta kusantar ta baƙi. Ba a kuma mayar da kwano haka nan, sai an jefa ɗan tukwici a ciki, ko 'yan kuɗi ko sabulu. Ba wadda ta bar addininta saboda wannan, Innarmu ba ta taɓa fashin salla ba, ita ma Maman ba ta taɓa fashin coci ba. Amma in yaro ya sume da zazzaɓi cikin dare maigida ba ya nan, kowacce ta san ƙofar da za ta buga.

Yau yarinyar da aka haifa a Romi bayan 2002 ta isa aure, wata ma ta haihu, amma mai yiwuwa Musulmin da ta sani shi ne mai nama da mai gyaran takalmi, ta san farashinsa ba ta san sunan matarsa ba. Takwararta ta Rigasa kuwa abin da ta sani game da Kirista shi ne abin da aka turo mata a waya. Ciniki na minti biyu ne, a miƙa kuɗi a karɓi canji kowa ya kama gabansa. Kwano kuwa sai an shiga gida, an yi sallama, an durƙusa an gai da tsohuwa, an ga ɗaki an ga murhu. Matar da kika ga ɗakinta, kika san ita ma da icce take girki in gas ya ƙare, da wuya wani ya zo ya ce miki dodo ce ki yarda.

Inda babu wannan sanayyar kuwa tsoro ne yake shimfiɗa tabarma. Tun harin bam na cocin St. Theresa da ke Madalla kusa da Suleja ran Kirsimetin 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 30, shiga coci ranar biki ya koma sai an laluba mutum a ƙofa, wasu cocin ma suka hana mata shiga da manyan jakunkuna. An kai hari Goska ta ƙaramar hukumar Jama'a a jajibirin Kirsimetin 2016, an kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi na Filato a jajibirin na 2023, inda aka kashe mutum fiye da 150. Matar Romi da za ta tafi ƙauye da 'ya'yanta sai ta yi ta auna hanya, a tafi ko a haƙura. A farkon Disambar 2023 ɗin kuma, ran 3 ga wata, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, abin da sojoji suka ce kuskure ne, aƙalla mutum 85 suka rasu. A wata guda aka yi biki biyu da suka koma makoki. Uwayen da suka yi kuka a Bokkos da waɗanda suka yi a Tudun Biri, da a ce an haɗa su a ɗaki ɗaya da ba sai an nemo musu tafinta ba.

Ba zan yi rashin adalci in ce babu masu ƙoƙari ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, tun 1995 suke aikin sulhu tare a Kaduna. Cocin Fasto Yohanna Buru a Sabon Tasha ya yi suna wajen karɓar baƙi Musulmi ran Kirsimeti, shi ma yakan halarci Mauludi. Allah Ya saka wa kowa da gwargwadon niyyarsa. Sai dai wannan zumuncin manya ne, na taro da lasifika da 'yan jarida. Wancan na da kuwa mata ne suka riƙe shi daga madafi zuwa madafi, babu mai ɗaukar hoto, kuma shi ne yake shiga jikin yara. Gwamnati tana iya gina gada ta shimfiɗa kwalta, amma ba ta da ma'aikatar da za ta aiki yaro da langa.

Littattafan Hausa ma ba su haye gadar ba, a nan kuma da 'yan'uwana marubuta nake. Ki ɗauko littattafan soyayya guda goma, daga na bugun Kano zuwa waɗanda ake karantawa a waya yanzu, ki nemo min Kirista a ciki. In kin same ta, ko dai 'yar aiki ce mai gurɓatacciyar Hausa da aka sa don a yi dariya, ko 'yar jami'a mai lalata tarbiyyar jaruma, ko kuwa wata kyakkyawa da aka ajiye don ta musulunta a babin ƙarshe ta auri Alhaji. Da wuya ki gan ta tana lissafin kuɗin cefane, ko tana jinyar uwar miji, ko tana kukan ɗanta da ya gama makaranta ba aiki. Jarumai suna zuwa Dubai da Landan haɗo lefe, amma ba sa iya zuwa Romi barkar haihuwa. Finafinanmu ma kusan haka suke. Yarinyar da ba ta ga Kirista a unguwarsu ba, ba ta kuma gan ta a matsayin mutum a littafin da take kwana karantawa ba, a ina ake so ta san ta? Rashin sani ai ya fi dare duhu.

Na san tambayar da take bakin wata, shin ya halatta? Malamai sun yi saɓani a kan taya murnar bikin da cin abincinsa, wasu sun hana wasu sun sassauta, kowacce ta tambayi malamin da ta amince da shi, ni ba malama ba ce. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce maƙwabci ba shi da hakki don addininsa daban ba. Kuma duk 'yar Islamiyya ta san cewa lokacin da aka matsa wa Sahabbai a Makka, wajen sarki Kirista, Najjashi na Habasha, aka tura su neman mafaka. Wadda zuciyarta ba ta natsu da ran 25 ga Disamba ba, ai shekara kwana 365 ce. Akwai ran haihuwa, akwai ran rasuwa, akwai ran da aka kwantar da yaro a asibiti, akwai kuma tuwonki na Sallah da ba wanda ya hana ki aikawa.

Saboda haka ke 'yar'uwa Kirista da wannan ɗan littafi ya faɗo hannunki, don na san kuna karanta mu, ki yi daidai ruwa daidai tsaki. Anko ɗaya ya isa. Ki ware kuɗin makarantar Janairu ki ɓoye kafin ki taka kasuwa. Kuɗin bishiyar roba da na ganin Fada Kirsimeti ya isa ya ɗora tukunya a ɗakin gwauruwar da take bayan gidanki, kuma ina jin wannan ya fi kusa da labarin da ake karanta muku a ranar. Ki rage girki ki samu barci, ko kya ji wa'azin da kika yi wata guda kina shiri dominsa.

Ke kuma 'yar'uwa Musulma, duk abin da na faɗa mata ki ajiye shi sai azumi ya zo ki karanta wa kanki. Sannan ki tambayi Inna ko Gwaggo sunan maƙwabciyarsu ta da, wadda rikici ya raba su, ki nemi lambarta, yanzu neman mutum ba wuya. In tana raye ki nemi izinin maigida ki ɗauki yaranki ku je ku gaishe ta, ki tafi da ɗan abin da ya sawwaƙa a kwano. Kuɗin motar bai kai na lallen Sallah ba, kuma zumunci a ƙafa yake. Mai tumatir yana hayewa kullum da asuba ya dawo lafiya da yamma, ban ga dalilin da zai sa ya fi mu zuciya ba.

Allah Ya zaunar mana da garinmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya rufa mana asiri, Ya hore wa mazajenmu na halak, Ya raba mu da bashin biki, Ya shirya mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.